'Yata na sanar da duniya duk inda muka sa ƙafa, ya zan yi da ita?

Maman Rukayya, Maamobi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka san kan waya.

Ni 'yar kasuwa ce. Atamfa da leshi da mayafai nake sarowa daga Lome in raba wa masu shaguna a unguwannin Nima da Madina a nan Accra. Tun da Rukayya ta gama sakandare take raka ni, don ta ɗan iya Faransanci, kuma ta fi ni saurin juya sidi zuwa sefa. Yarinya ce mai hankali, ba ni da abin faɗa a kanta sai wannan waya. Mun hau mota a Tudu, ta saka a intanet. Mun iso boda a Aflao, ta ɗauki hoto ta liƙa sunan wurin. Muna cikin kasuwar Asigame ana ɗaure mana dila, ta nuna dilar, har da ni a gefe ina buɗe jaka.

Yadda na gane abin ya yi nisa, wata maƙwabciya ce ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Hajiya sannu da hanya, na ga kun sha rana a boda, kaya kuwa masha Allah." Ni ban gaya mata zan yi tafiya ba. Mahaifiyata kaɗai na gaya wa.

Wanda ya ga muna Tudu da asuba ya san akwai kuɗi a jikinmu. Wanda ya ga muna Lome ya san ɗakinmu a kulle yake, sai tsohuwa ita kaɗai, ga shi idonta ya yi rauni. Gidan haya ne, ƙofar waje a buɗe take wuni, mai shiga ya shiga mai fita ya fita. Mu da muka taso, iyayenmu masu fataucin goro ko ranar tashi ba sa faɗa, sai dai a wayi gari a ga ba sa nan.

Ban da wannan ma, kanta ba ya ɗagowa. Kakarta za ta yi mata magana sau nawa, amsarta "na'am Hajiya" ne, ido na kan waya, tuwo ya huce a gabanta.

Tsorona ne ya yi yawa? Kuma akwai yadda ake kashe abin? Ba na son ƙwace wayar, da ita take karɓar MoMo, wato kuɗin da masu biyana ke turowa ta waya.

Awudu mai gyaran waya, Circle

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki na kan hanya. Abu biyu ne a nan, ki raba su. Akwai wanda take sakawa da hannunta, wato liƙa sunan wuri a Facebook ko Instagram. Wannan magana ce za ta gyara shi, ba ni ba. Akwai kuma wanda wayar ke yi da kanta, ita ma ƙila ba ta sani ba.

In tana Snapchat, akwai taswira a ciki tun 2017, Snap Map. In ta kunna ta, duk sanda ta buɗe manhajar, ƙawayenta za su ga ɗan hotonta a kan unguwar da take, in an matso da taswirar har layin ana ganewa. Ta sa Ghost Mode, shi ke ɓoye inda take a taswirar. Sannan ta shiga Settings, ta shiga Location, ta duba manhajojin da aka ba izini. Ina buɗe wayoyin mutane a shago in ga manhajar tocila da ta wasa suna da izinin sanin inda mutum yake dare da rana. Me tocila za ta yi da wannan? Taswira da ta kiran mota kaɗai za ta bari, su ma sai lokacin da ake amfani da su. Kyamara ma ta cire mata izinin, don hoto na iya ɗaukar lambar GPS ta wurin da aka ɗauke shi.

Ki kuma duba hotunan da take ɗauka a ƙofar gida. Tun da aka kawo GhanaPost GPS, manhajar adireshin gidaje, a 2017, gidaje da yawa na da ɗan allon adireshi a bango. Na sha ganin yarinya ta yi kwalliyar Sallah ta tsaya, allon na bayanta ɓaro-ɓaro. Wanda ya karanta lambar ya sa a manhajar, har ƙofa za ta kawo shi.

Ba ƙananan mutane kaɗai abin ke kamawa ba. A farkon 2018 an gano cewa taswirar Strava, manhajar masu gudun motsa jiki, tana nuna sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, saboda sojojin na zagaye da ita a kunne.

Zainab, Madina Zango

Mama, ki yi haƙuri in ɗan tsaya wa Rukayya. Mu a wajenmu, in ka je wuri ba ka saka ba, ƙawaye za su ɗauka kana zaune a gida ne. Ita tana alfahari ne da cewa tana kasuwanci da mamanta har wata ƙasa. In kika fara da faɗa, za ta ɓoye miki sitatus ɗin ne kawai ta ci gaba.

Kuma ba duka ne sharri ba. In na taso daga Legon da dare na shiga motar haya, ina tura wa yayana inda nake ta WhatsApp, yana bin motar a taswira har in sauka. Ana zaɓar minti 15 ko awa 1 ko awa 8, daga nan ya mutu da kansa. Mutum ɗaya na gaya wa, wanda zai fito nemana in na makara.

Abin da nake yi, sai na bar wuri nake saka hotonsa, wani lokaci sai washegari. Ki roƙe ta wannan kawai tukuna. Ki tuna mata Kim Kardashian, tauraruwar talabijin ta Amurka, ta san ta. A 2016 aka shiga masaukinta a Paris da bindiga aka kwashe mata gwala-gwalai, bayan ta yi kwanaki tana nuna su da duk inda take.

Malam Sani, Sabon Zango

Hajiya, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Zainab ta yi magana mai kyau, a bi yarinyar da lallami. Ki karanta mata Suratu Yusuf. A aya ta 5 Annabi Yaƙub ya hana ɗansa ba da labarin mafarkinsa, ga 'yan'uwansa na jini ma. A aya ta 67 ya ce wa 'ya'yansa kada su shiga ta ƙofa ɗaya. Annabi ne, ya fi mu tawakkali, amma ya yi taka-tsantsan.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne haƙƙin wasu. Wanda ya saka inda yake, ya saka har da na kusa da shi, ba da izininsu ba. Yanzu a maƙabarta ana saka gawa a kabari, samari sun ɗaga waya. Wajen addu'ar kwana bakwai, matar mamaci na kuka, ana haska fuskarta. Da, in samari suka zauna shan ataya, sai an yi musu magana su rage surutu. Yanzu ka wuce su shida a benci, tsit, butar na tafasa ba mai lura. Hadisi ne a Buhari, ni'ima biyu mutane da yawa na asararsu: lafiya da faragar lokaci.

A gidana akwai kwando a kan firiji. Daga Magariba zuwa bayan Isha'i duk waya na ciki, har tawa. Da farko yara sun yi ta kumbure-kumbure. Yanzu ƙaramar ce ke zagayawa da kwandon.

Maman Rukayya, Maamobi

Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan Isha'i na zaunar da ita, na bar maganar kuɗi na yi mata ta kakarta. Ta yi shiru, can ta ce ba ta taɓa kawo tsohuwa a lissafin ba. Ta yarda ba za ta saka komai na tafiya ba sai mun kwana a gida, kuma ba hoton kaya. Kwandon Malam ne ba mu daidaita ba, ta ce masu biya da yamma suke turo kuɗi suna kira a tabbatar. Wannan kuma gaskiyarta ce, sai dai in nemi ƙaramar waya mai madannai in mayar da layin MoMo can.

Awudu, na ga allon nan a hotunanta na Sallar layya. In ta goge su yanzu sun gogu ke nan?

Awudu mai gyaran waya, Circle

Daga shafinta za su fita Hajiya, amma wanda ya riga ya sauke a wayarsa yana da shi. Ta goge duk da haka, ta kuma bi jerin masu bin ta, ta cire duk wanda ba ta san fuskarsa ba. In wani ya taɓa yi mata barazana da hoto ko saƙo, ku kira 292, layin hukumar tsaron intanet ne. Ku biyo ta Circle ranar Asabar da safe kafin cunkoso, ku taho da wayar da caji, in duba sauran saitin a gabanta don ta koya.