Shin an yarda a tashi dron a saman Gidan Makama?

Mai hoto daga Fagge:
Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar hoton biki, kuma kwanan nan na sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi, wato dron. Ina so in ɗauki Gidan Makama, gidan tarihin da ke cikin birnin Kano, daga sama, domin tsarin sorayensa da kaurin katangarsa ba sa fitowa sosai idan mutum yana tsaye a ƙasa. Kuɗin shiga da ake biya a ƙofa ya wadatar, ko akwai wani izini dabam?

Malamin makaranta daga Gwale:
Wa alaikumus salam. Malam, kuɗin ƙofa na kallo ne kawai. Tun shekarar 2016 hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama, ta hana tashin dron ba tare da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro ba. Shi kuma gidan yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, saboda haka sai ka rubuta wa shugabansa takarda, ka bayyana rana da lokaci da abin da za ka yi da hotunan. Ka kuma tuna cewa filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba shi da nisa da cikin gari.

Uwargida daga Ƙofar Nassarawa:
Ƙanina, ni abin da ya dame ni ya wuce takarda. Gidan Makama yana dab da fadar Sarki ta wajen Ƙofar Kudu, kuma gidajen jama'a sun kewaye shi. Da zarar jirginka ya ɗaga sama da katanga, kyamararsa za ta leƙa tsakar gidajen da mata ke girki da wanki babu mayafi, alhali ba wanda ya yi musu sallama. Bugu da ƙari ginin ƙasa ne tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, idan batir ya ƙare jirgin ya faɗo a kan zanko, gyaran ba ƙaramin aiki ba ne.

Wani mahayi daga Mandawari:
Hajiya ta faɗi gaskiya. A wani Hawan Daushe na ga dron ya sauko ƙasa-ƙasa yana ƙara kamar taron zuma, dokin da ke gabana ya zabura ya yi kan yara, da ƙyar mahayinsa ya ja linzami.

Mai hoto daga Fagge:
Na gode ƙwarai. Ranar Litinin in sha Allah zan kai takardar, kuma jirgin yana cikin jakarsa har sai na sami amsa.