Allo ya koma ja, wai kwamfuta ta kamu da virus

Mai_Shago_ƘofarƘaura: Assalamu alaikum. Kwamfutar shagonmu ce, Windows 10. Yaro na sauke takardar wani ɗalibi, sai allo ya koma ja, ƙara na tashi, wai an gano virus, a kira wata lamba ko a sayi maganinsu. Ya ƙi rufuwa. Mu biya ne?

Injiniya_KT: Wa alaikumus salam. Alhaji, ko sisin kwabo kada ka ba su, lambar ma kada a kira. Gargaɗin Microsoft na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Wannan shafin intanet ne kawai ya mamaye allo ya ɓoye wurin rufewa, kuma shafi ba ya iya binciken cikin kwamfuta. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka zaɓi Chrome ka danna End task. Da ka sake buɗe Chrome zai tambaye ka Restore. Ka ƙi, in ba haka ba shafin zai dawo. Daga nan ka shiga Settings na Chrome, Privacy and security, Site settings, Notifications, ka goge duk shafin da ba ka sani ba. Su ne ke leƙo da saƙon ƙarya a kusurwar allo.

Bn_Daura: Ranka ya daɗe, a tambayi yaron da lalama ko ya sauke wani abu, don tsoro kan hana yara faɗi. Idan ya sa AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, ɓarayin na iya ganin allonku su motsa linzami. A fara cire intanet. Danna Windows da R, rubuta appwiz.cpl, jera manhajojin bisa kwanan wata, cire na yau. Sannan Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta kashe kanta ta kunna, kamar minti 15. Kalmar sirrin banki da ta imel a canza su daga waya, ba daga wannan kwamfutar ba. In an rubuta lambar kati, a kira banki a rufe shi yanzu.

Malama_HUK: Ƙari kaɗan, Alhaji. Defender, maganin virus da ke cikin Windows, ya wadatar, amma masu sa Office na sata sukan kashe shi su manta, a duba. Kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10. In injin zai ɗauki Windows 11, a koma can.