Shawarwarin masu ɗaukar hoto a kan tafiya

Da aka tattauna tsakanin masu yawo da kyamara, abin da kowa ya fi nanatawa shi ne haske. Rana tsaka tana kashe hoto, inuwa ta yi baƙi ƙirin, sama ta yi fari fat. A fita da hantsi ko dab da faɗuwar rana, lokacin da duwatsu da filaye ke fito da siffarsu.

Magangarar ruwa ce ta fi cin lokaci, kuma ni ma nan hankalina ya fi karkata. In ana son ruwan ya fito sumul kamar auduga, a kafa kyamara kan sanda mai ƙafa uku, a sauke ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) zuwa 100, a bar ƙofar haske a buɗe rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2. In kuwa ɗigon ruwan ake so ya tsaya cak, sai a buɗe ta 1/1000 na daƙiƙa kawai. Ranar hadari ta fi ranar garau. A riƙe ƙyalle mai laushi, domin feshi yana jiƙa gilashin kyamara nan take. A magangarar Biktoriya da ke iyakar Zambiya da Zimbabuwe, feshin watan Afrilu kan rufe ruwan ɗungurungum.

Gine-ginen birni kuma, ɗaga kyamara sama yana sa gini ya zama kamar zai kife. A ja da baya, ko a hau tudu. Wasu sun ce a sa mutum a gefe don girman wurin ya bayyana, wasu sun fi son fili fayau. Na fi yarda da na farko.