Ta ina babur zai tsallake teku? A ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni bakaniken babur ne a wani ƙauye a ƙasar Gumel, shekarata goma sha ɗaya ina kwance inji ina ɗaurawa a gindin darbejiyar bakin kasuwarmu. Tun 2022 da na ga labarin Kunle Adeyanju, wanda ya hau babur daga Landan ya iso Legas cikin kwana 41, abin ya tsaya min a rai. Ina da Boxer 150 da yayana ya bar min kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Na san kukansa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, kuma da shi nake son zaga duniya, ko da zai ɗauke ni shekara uku. Na yi kiwon bijimai biyu na sayar a Maigatari, kuɗin suna ajiye. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwa. Duk inda na bi da yatsa a taswira sai na ci karo da teku. Yaya ake tsallakar da babur daga wannan nahiya zuwa waccan? Jirgin sama ake sa shi ko na ruwa? Don Allah banda ba'a, na sha ta a majalisa.

Tsohon direban tirela, Maigatari:
Wa alaikumus salam ɗana. Kakanninmu da suka je Makka a ƙafa gabas suka bi: Maiduguri, Cadi, Sudan, su shiga jirgin ruwa a Sawakin su sauka Jidda. Ka cire wannan hanyar daga ranka a yanzu. Tun watan Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, kuma Darfur ce ƙofar da za ka shiga ta cikinta. Arewa ma, in ka bi Agadas ka faɗa Aljeriya, ba za ka iya kurɗawa Maroko ba, iyakarsu a rufe take tun 1994. Hanyar da masu babura ke bi ita ce ta yamma, bakin teku bakin teku har Senegal, sai Muritaniya, sai Maroko. Mai ƙaramin tanki ya riƙe jarka.

Ɗan Ringim mazaunin Sifen:
Abokina, ruwan farko ba abin da za ka hana kanka barci a kai ba ne. Tsakanin Maroko da Sifen, inda tekun ya fi tsukewa, kilomita 14 ne. Daga tashar Tanja ta Maroko zuwa Aljesiras ta Sifen jirgin fito bai cika wuce awa biyu ba. Kai da kanka za ka tuƙa babur ɗin ka shiga cikin jirgin, ka sa shi a giya, ka kafa jak ɗin gefe, ma'aikata su ɗaure shi da bel, ka hau sama ka sha shayi. Ka tafi da tsumma ka shimfiɗa a kan sit, don bel ɗin yana cin fata. Daga Turai zuwa Asiya kuwa gada ce ma a Istanbul, tafiyar mintuna. Abin da zai tsayar da kai a Tanja biza ce. In babu bizar Shengen, wato ta shiga Sifen da yawancin ƙasashen Turai, a fasfonka, ko tikiti ba zai yi maka amfani ba, kuma sai ka sayi inshorar da suke karɓa a Turai, ta ECOWAS ba ta aiki a nan.

Wani matashi, Ɓaɓura:
Boxer a Faransa! Wallahi in ka isa ka turo hoto, ni zan fara yin fosta.

Mai fiton kaya, asalin Ɗambatta:
Ƙanena, bari in yi maka bayanin babban ruwa, wato daga Turai ko Afirka zuwa nahiyar Amurka, don nan ne bijimanka za su ji jiki.

A jirgin sama babur yana cikin jerin kaya masu haɗari, saboda mai da batir. Dole a rage man ya koma ƙasa da rubu'in tanki, a cire wayar batir a naɗe kanta da salatif, a cike takarda ta musamman. Sannan ba nauyinsa kaɗai ake biya ba, har wurin da ya cinye. Ana auna tsawon akwatin da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su, a raba da 6,000. Abin da ya fito, in ya fi nauyin gaske, shi za a caje ka. Babur ɗinka bai kai kilo 130 ba, amma in ka sa shi a akwati mai 200 da 75 da 110, kilo 275 za ka biya. Ka cire tayar gaba, ka kwance kan babur ɗin ka kwantar da kan a jikinsa, ka cire madubai, akwatin ya koma 170 da 60 da 100, ka dawo kilo 170. Ka ga sifana ɗaya ta rage maka kilo ɗari da ɗoriya. Wannan kai ba sai ka biya wani ba, sana'arka ce. Katakon akwatin kuma ba na kafintan ƙauye ba, sai wanda aka gasa aka buga wa hatimin ISPM 15, in ba haka ba a can za su ƙi shi.

Jirgin ruwa a takarda ya fi araha, musamman in kun haɗu ku uku ko huɗu kun raba kwantena mai ƙafa 20. Amma kuɗin da aka faɗa maka a tashar tashi ba shi ne ƙarshe ba. Na taɓa aika wa wani maigidana injin niƙa, aka ce mako biyar. Sai da ya yi goma sha ɗaya, ga shi wakilin da na yarda da shi ya yi kuskuren harafi ɗaya a takardar lodi. Kwana goma sha tara kayan suna zaune ana lissafa mana kuɗin ajiya kullum, har na sayar da filina na cike. Kai kuma a duk makonnin nan kana wata ƙasa kana biyan masauki da abinci, bizarka tana ƙonewa. Shi ya sa matafiya da yawa suke runtse ido su biya na sama, kwana uku su karɓi abinsu.

Malamin makaranta, Kazaure:
Ƙari a kan na Alhaji: ko a cikin Amurkar akwai inda titi ya yanke. Babbar hanyar da ta ratsa nahiyar ta tsaya a garin Yabiza na ƙasar Panama, daga nan dajin Dariyen ne da fadama, kimanin kilomita 100 babu kwalta har Kolombiya. Ko dai jirgin sama zuwa Bogota, babban birnin Kolombiya, ko kwantena daga tashar Kolon ta Panama zuwa Kartahena ta Kolombiya. Ka ga biya na biyu ke nan. Ni a ganina, ƙanena, kuɗin tsallakawa ɗaya zai iya sayen irin babur ɗinka sabo. Bajaj kamfanin Indiya ne, kuma Boxer ta cika Kolombiya kamar yadda ta cika Haɗejia. Me zai hana ka sayar a wannan gaɓa ka sayi wani a waccan?

Mai tambaya:
Malam, lissafinka daidai ne, amma wannan na yayana ne. In ba da shi ba, gara in zauna.

Wata Hajiya, Gwaram:
Allah Ya ji ƙansa. To amma ɗana, ka gaya wa mahaifiyarka? Ka fara da nan kafin taswira.

Mai fiton kaya, asalin Ɗambatta:
Tunda ka kafe a kan wannan ɗin, ga abin da zan tambaye ka. Akwai littafin kwastam da ake kira karne, kamar fasfon babur ne, ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa, yana aiki shekara ɗaya. Sai ka ajiye kuɗin jingina, shaidar cewa ba sayar da shi za ka yi a ƙasar mutane ba. Masar da Indiya da Pakistan suna nemansa. Kowane shafi ana buga hatimi da shiga, a buga da fita, in hatimi ɗaya ya ɓace jinginarka tana cikin haɗari. Kuma a kowace iyaka jami'i zai durƙusa ya duba lambar inji da ta shasi, ya gwada da takarda. Na san halinku bakanikai. Inji nawa ka sauya wa babur ɗin nan? Sunan wa ke kan takardun?

Mai tambaya:
Alhaji, ka kama ni. Yanzu na fita da tocila na kankare bakin man da ƙusa na duba. Shasi ya yi daidai, amma bulok ɗin injin, inda lambar take, na wani babur ne da ya yi haɗari a hanyar Gagarawa, na ɗaura shi bara da damina, ko a raina ban kawo ba. Takardun kuma har yau sunan marigayi ne. Tsohon bulok ɗin yana nan a ƙarƙashin benci, yara na zama a kai. Gobe zan wanke shi in ga ko zai gyaru, ranar Litinin in shiga Dutse batun canjin suna. In an gama zan fara gwada Damagaram in dawo, in ga yadda ake yi da babur a iyaka. Hajiya, ban gaya mata ba tukuna. Ta ɗauka kuɗin bijiman na aure ne.