Ina shirin barin Martin in koma Taylor, ina neman shawarar masu jita

Malamin Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ke nan ina riƙe da jitar Martin D-28, na saye ta ne ta hannu lokacin da na je kwas Ingila. Duk wanda ya taɓa kaɗa ta ya san muryarta: ka daki tsirkiya mai kauri, sai ka ji amon a ƙirjinka tun bai kai kunnenka ba. Ban taɓa samunta da laifi ba, ni ne dai hannuna ya sauya.

Tun bara waccan na ajiye ɗan robar kaɗawa na koma yatsa zalla. Ina bin salon molo irin wanda na taso ina ji a ƙauyenmu wajen Argungu, babban yatsa ya riƙe ƙasa, manuni yana yawo a sama. To a nan ne muka fara saɓani da ita. In na kaɗa a hankali, kaurin muryarta sai ya danne 'yan ƙananan sautukan da nake so su fito. Ga ta da faɗin ciki, ni kuma a tabarma nake zama bayan isha'i, kafin rabin awa kafaɗar dama ta fara min tsami.

Hutun babbar sallah na je Abuja, wani aboki ya miƙo min Taylor 814ce. Ƙugunta a tsuke, ta zauna a cinyata daram, kowace tsirkiya tana magana ita kaɗai, ba mai hawa kan wata. Tun da na dawo raina yana can. Ba ni da halin riƙe biyu, sai na sayar da ɗaya in cika. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan sauyi? Kuma yaya take jure hunturunmu?

Dattijon Zuru:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Na fi shekara talatin ina kaɗa jita a coci, kuma na taɓa yin asarar mai tsada guda. A bango nake rataye ta. Wani dare a watan Janairu ina kwance na ji ƙas, kamar an karya kara. Da gari ya waye na ga fuskarta ta tsage daga jaki, inda tsirkiya ke zama, har ƙasa. Sakacina ne, ba na kowa ba.

Kamfanonin nan duka abu ɗaya suke faɗa: katakon yana son danshi tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. 'Yar na'urar auna danshi da ke ɗakina, in buji ya taso, ƙasa da 20 take nunawa, ku kuwa can Birnin Kebbi kun fi mu bushewa. Iska ba ta karanta sunan da ke rubuce a kan jita. Ka nemi gidan sabulu na roba, ka huda murfinsa, ka sa soso mai ɗan laima wanda ka matse sosai, ka ajiye cikin akwatin ka rufe. In ka shafa gefen wuya ka ji bakin ƙarafan da ke jere a kai suna kartar yatsa, katako ya fara tsukewa ke nan, kada ka jira.

Taka ta ga hunturu tara ba ta tsage ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka sa shi a ma'auni kafin ka sallama ta.

Mai gyara, Gusau:

Malam, ni ta fuskar gyara zan yi magana. Martin tun 1833 suke wannan sana'a, kuma wuyan D-28 tsofaffin kafintoci ne suka gadar da haɗinsa: a fafe katako, a cusa, a liƙe da gam. Yana da ƙarko, amma ranar da tsirkiya ta ja shi ya sunkuya, sai an sa tururi an narkar da gam ɗin kafin a cire. Ni dai ba zan taɓa wannan aiki a jita mai irin wannan kuɗi ba, sai ka kai Legas.

Taylor kuwa, da aka kafa a 1974 a Kalifoniya, tun da daɗewa da kusoshi suke ɗaure wuya, a 1999 kuma suka fito da sabon salon haɗi mai sauƙin daidaitawa. A kwance, a sauya 'yan siraran katako biyu da ke tsakani, a mayar. Ga wanda ke zaune nesa da ƙwararru wannan sauƙi ne babba, sai dai siraran nan daga wajensu ake samo su, ba a fiƙe su a shago. Wani abin da nake so da su: baƙin katakon da yatsa ke takawa daga maƙwabtanmu Kamaru yake zuwa, suna da hannun jari a wata masana'antar yanka shi a Yawunde tun 2011. Dangin kanyarmu ne.

'Yar Yauri:

Yaya Malam, ka yi haƙuri in ɗan ja da kai. Ina ganin ba sunan kamfani ke damunka ba, girman jikin ne da tsirkiya. D-28 da masu kauri take fitowa, lamba 13, ita kuwa 814ce da lamba 12. Rabin taushin da ka ji a Abuja zai iya zama daga nan ne. Wacce lamba ce a taka yanzu?

Kuma Martin ɗin ma suna da ƙananan jiki. Ni 000-18 nake kaɗawa. Tsawon tsirkiyarta inci 24.9 ne, taka 25.4, don haka ta fi laushi a yatsa. Bayanta da gefenta mahogani ne, ɗan'uwan maɗaci, muryarsa a bushe take, ba ta da yawan amsa-kuwwa. In dai molo kake bi, wallahi ita ta fi kusa da shi a kunnena. Taylor ɗin da ka gani bayanta irin katakon taka ne, na Indiya. Kada ka yanke hukunci da kaɗawar yini ɗaya a ɗakin wani.

Malamin Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, soso ya shiga akwati tun daren jiya. Ƙanwata, kin taɓo inda ban duba ba: lamba 13 ce a kai, tun da na saye ta ban taɓa sa wata ba. Na aika a kawo min 12 daga Sakkwato, zan kaɗa ta da su har hunturu ya wuce. In kafaɗar ba ta daina ba, watan Afrilu zan ɗauke ta mu tafi Abuja tare, in kaɗa su biyun a ɗaki ɗaya, a tabarma, waƙa ɗaya. In kina da hali ki ɗauko min sautin 000-18 ɗinki a waya, da yatsa kawai, a hankali yadda nake yi.