Neman kalmar Hausa: me za mu kira "companion" na 'yan mishan ɗin Momon?

Jama'a barkanmu da war haka, yau ma na zo da wata kalma da ta gagare ni, masu Hausa a baka ku matso. Kalmar ita ce companion, amma ba wai yadda take a ƙamus ba, yadda 'yan cocin nan da aka fi sani da Momon suke amfani da ita nake nufi. Dalili kuwa wani yaro ne ɗan maƙwabtanmu a Jos aka tura shi Gana aikin mishan, duk sati sai ya aiko da imel da Turanci, kakarsa kuma ba ta jin Turanci sai Hausa da yarensu, to ni aka ɗora wa karanta mata, kuma babu layi uku da zai rubuta bai ambaci wannan kalma ba. Tun yanzu ina roƙo, ba muhawarar addini na buɗe ba, kalma muke nema, wanda ya zo da wa'azi ko zagi zan goge.

Bari in ɗan yi bayani don wanda bai san su ba, don in ba ka san yadda abin yake ba duk kalmar da ka kawo za ta zame. Hedikwatar cocin tana Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, Joseph Smith ne ya kafa shi a 1830, kuma tun 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya ce a daina ce musu Momon a riƙa faɗin cikakken sunan cocin, ni dai na rubuta haka ne don a gane su wa nake nufi. Su ne samarin nan da za ka gani su biyu da farar shat da nektai da baƙin baji a ƙirji, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a keke. Namiji shekara 2 yake yi, mace wata 18, kuma tun 2012 aka sauko da shekarun fita na maza zuwa 18. Yaro ba shi ke zaɓen ƙasar da zai je ba, takarda kawai za ta zo masa an rubuta ga inda za ka. Daga nan sai makarantar horo, babbar tana Provo a Utah, ta Afirka ta Yamma kuma tana Ankara babban birnin Gana, da a Tema take tun 2002 kafin a maido ta Ankara a 2017. Wanda zai yi wa'azi da harshen da ya iya kamar sati 3 yake yi, masu koyon sabon harshe 6 ko 9.

To tun ranar da ya shiga makarantar nan ake haɗa shi da wani, kuma daga ranar har ya gama ba zai sake zama shi kaɗai ba. Dokar ita ce kullum ka kasance inda yake ganinka yake jin muryarka. Ɗaki ɗaya suke kwana kowa da gadonsa, tare suke tashi wajen 6:30 na safe, tare karatu, tare kasuwa, tare bin gidaje, in ba banɗaki ba ko ganawa da shugaban mishan babu rabuwa. Kuma ba kai ka zaɓe shi ba, shugaban mishan ne ke haɗawa, duk sati 6 ana iya canza maka wani ko a bar ku. Yana iya zama ɗan Idaho ta Amurka da bai taɓa ganin banku, tuwon nan na mutanen Gana, ba, ko ɗan Kwango da Faransanci ne a bakinsa, yana iya zama mai minshari, ko wanda ba ya wanke kwanon da ya ci abinci sai ya bushe. Wannan mutumin nake neman wa suna.

Na karanta amsoshin da kuka ajiye a ƙasa, na farko da kowa ya kawo shi ne aboki kawai. A'a gaskiya. Ranar da na fara ce wa tsohuwar "abokinsa" sai ta ce to Allah ya yi wa yaron albarka, ashe har ya yi aboki a can, alhali a cikin saƙon ƙorafi yake yi cewa mutumin kwana biyu bai ce masa uffan ba sai in za su fita. Aboki a Hausa wanda ranka ya so ne, kai ka jawo shi, in ya ɓata maka ka yi kwana biyu ba ka leƙa shi ba. Wannan ko kun yi faɗa da safe dole ku jera ku fita da hantsi kuna murmushi a ƙofar gidan mutane.

Malam da ya ce abokin aiki, na gode Malam, amma abokin aiki ƙarfe huɗu kowa ya kama gabansa. Abokin tafiya ya ɗan fi, don kuwa tafiyar suna shan ta, sai dai shi ma in an sauka a tasha an rabu, kuma bai nuna kwana ɗaki ɗaya da cin tukunya ɗaya ba.

Wani kuma ya ce abokin zama, har na fara murna, sai wata Anti a ƙasa ta ce in dakata in tuna akwai mata a cikinsu, in na ce wa tsohuwa "wance da abokiyar zamanta" ai kishiya za ta ji. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, Anti kin gama magana, wannan ta faɗi ba ta tashi.

Yanzu ga wadda aka fi yi wa ruwan layik, abokin burmi. Na san me ya sa ta burge ku, burmi ai ƙwarya biyu ne a kife ɗaya kan ɗaya, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya, ta wannan fuskar ta zauna daram. Amma ku saurari yadda muke faɗinta a yau. In ka ji an ce an kama wane da abokin burminsa me ke zuwa maka a rai? Ko dai 'yan barkwanci biyu da ba sa rabuwa, ko kuma waɗanda suka haɗa kai suka yi wata ta'asa. Akwai ƙanshin shaƙiyanci a jikinta, kuma ita ma ɗin tana nuna jininsu ne ya haɗu suka zaɓi juna. Ba zan iya zama gaban tsohuwa mai shekara kusan tamanin in ce jikanki da abokin burminsa sun je yi wa mutane wa'azi ba, sai ta ɗauka wata tsiyar suka je shukawa.

Baba da ya yi magana daga Kafanchan, ranka ya daɗe na ga bayaninka kuma na ƙaru. Ya ce a cocinsu abokin hidima za su ce, kuma asalin fita biyu-biyun daga Linjila ne inda Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, yana cikin Markus sura 6 da Luka sura 10. Wannan kalma tana da mutunci, kuma in takardar coci ake rubutawa ni ma ita zan ba da shawara. Inda na ɗan saɓa da kai Baba shi ne, fasto da mataimakinsa ma abokan hidima ne, mai kaɗa ganga da mai ba da waƙa ma haka, amma kowa gidansa yake kwana. Abin da ke wahalar da sabon yaro a watanninsa na farko ba hidimar ba ce kaɗai, wannan mannuwar ce. Yaron da ya saba in ransa ya ɓaci ya ɗau waya ya fita bakin titi ya sha iska, yanzu babu fita shi kaɗai, babu kallon ƙwallo, babu budurwa, shayi da kofi ma dama addininsu ya hana, sunansa na yanka ma an ajiye sai Elda wane, wato laƙabin da suke kiran samarin da shi. Kafin Fabrairun 2019 sau biyu kawai a shekara suke kiran gida, Kirsimeti da ranar iyaye mata, sauran duk wasiƙa ce, yanzu ne aka sassauta suke iya kira a ranar hutunsu ta mako wadda yawanci Litinin ce, ranar wanki da cefane da aski. To ka ga sauran kwana shidan duk wanda zai yi wa ƙorafi, da wanda yake ƙorafin a kansa, mutum ɗaya ne. Har lokaci suke warewa duk sati su zauna su biyu kowa ya faɗa wa ɗan uwansa abin da yake yi mai kyau da abin da ke ci masa rai, don an san in ba a yi haka ba wata rana sai an ji su.

Shi ya sa ni tawa shawarar ita ce abokin haɗi, mace kuma abokiyar haɗi.

Ku bi ni a hankali. Duk Bahaushe ya san auren haɗi, manya ne suka zauna suka ce wane da wance, ba su suka ga juna suka ce suna so ba, wani ya zo da daɗi har a manta haɗi ne, wani kuma a yi ta haƙuri. Kalmar haɗi ita kaɗai ta ɗauko abu biyun da sauran suka kasa, wato akwai wani na sama da ya haɗa, kuma an zama biyu ba a rabe ba. Ba ta ce suna ƙaunar juna ba, ba ta ce ba sa yi ba. Sannan tana da sauƙin juyawa a baki, an haɗa shi da wani ɗan Laberiya, an raba haɗinsu, haɗin bana ya yi masa daɗi, satin canjin haɗi ya zo. Wannan na ƙarshen ma ya warware min wata kalmar tasu ta transfer da nake ta ce wa taransifa, wadda a kunnen tsohuwa ta ma'aikacin gwamnati ce ko ta tura kuɗi a waya. In su uku ne, don yana faruwa in lissafi bai cika ba, sai a ce haɗin uku, shikenan.

Na ga mai cewa haɗi a bakin samarin yanzu sunan abin da 'yan shaye-shaye ke cakuɗawa a robar lemo ne. Haka ne ɗan uwa, ban musa ba, amma wannan sai an ce "ya sha haɗi", da zarar ka sa aboki a gaba babu mai kai hankalinsa can. Haɗin kai ma ai haɗi ne, haɗin gwiwa ma haka, ba za mu bar wa 'yan kwalba kalma sukutum ba.

Wata 'yar uwa daga Maraɗi ta tambaya ko ba za a ce ɗan rakiya ba. A'a, ɗan rakiya yana bayan mai tafiya ne, tafiyar ba tasa ba ce. Su kuwa duk da akwai babba da ƙarami a kowane haɗi, aikin na su biyun ne, in ɗaya ya fara bayani ɗayan ke ƙarasawa.

Tunda an taɓo babba da ƙarami, akwai wasu ƙananan kalmomin nasu da ba sai mun ɓata lokaci ba. Sabon zuwa suna ce masa greenie, daga kore, wato ɗanye bai nuna ba, wannan muna da sabon shiga, in ana son tsokana a ce sabon yankan rake, kar wanda ya ce min "ɗan kore" don Allah. Wanda aka fara haɗa shi da shi, mai koya masa aiki na sati 12 na farko, a wasansu babansa suke ce masa, har su ce an haife ni a gari kaza wato nan ya fara aiki, in ya zo gamawa su ce zai mutu a gari kaza. Wannan kam ban fassara wa tsohuwa kai tsaye ba, haka kawai in ce mata abokin jikanta zai mutu a Kumasi wata mai zuwa a kwashe ta a sume, cewa na yi a can zai ƙarasa. Mai koyarwar kuma na ce ubangidansa, ta gane nan take. Elda na bar shi Elda, don in na ce dattijo ga yaro ɗan 18 da ko gemu bai fara ba dariya za a yi, kuma dattawan ikilisiya a wajen masu bi na Arewa wani matsayi ne daban.

Sabon bayani: na gwada abokin haɗi a karatun wannan satin ban yi mata wani sharhi ba, na ce an canza masa abokin haɗi, an kawo wani ɗan Filifin wanda ya iya girki. Tambayar da ta yi kawai ita ce wa ke haɗa su, na ce shugabansu na can, ta ce to Allah ya sa wannan mai haƙuri ne. Ba ta tambaye ni ma'anar kalmar ba, a wajena wannan ya isa.

Don haka ni dai na tsaya a nan, abokin haɗi a magana da karatun wasiƙa, abokin hidima in rubutun coci ne kamar yadda Baba ya ce. Masu burmi ku yi haƙuri, kun fi yawa amma ba ku ke zama gaban tsohuwar ba. 'Yan zangon Nima da Kumasi ku da kuke ganinsu kullum a unguwa, in akwai abin da kuke ce musu da Hausarku ku ajiye a ƙasa. Akwai kuma wata da ta rage, trunky, wato wanda ya kusa gamawa jikinsa na wurin aiki amma hankalinsa ya riga ya yi gida, daga akwatin kaya suka samo ta. Wani ya ce "ya ɗaure kaya", wani ya ce "ya ji ƙamshin gida", ban yanke ba tukuna, wannan sai wani zaren.