Tari mai yawan dawowa: ko daga ruwan gida ne?

Mai tambaya daga Gwaram: Salamu alaikum likitoci. Mai ƙanjamau tari na ta dawo masa, an ga ƙwayoyi a majinarsa, amma GeneXpert, na'urar gwajin majina, bai nuna tarin fuka ba. Ruwan tanki na iya jawo haka?

Likitan ƙirji: Wa alaikumus salam, Malam. Yana iyawa. Akwai dangin ƙwayar tarin fuka, irin su Mycobacterium avium, masu zama cikin yauƙin bangon tanki, bututu da randa, kuma kulorin bai cika kashe su ba. Shaƙar feshin ruwa ke kai su huhu, ko ƙwarewa wajen sha, wato ruwa ya bi hanyar numfashi. Sai an kai majina asibitin koyarwa an raini ƙwayar a ɗakin gwaji kafin a tabbatar, abin kan ɗauki mako 6.

Malamar jinya, Ringim: A tafasa ruwan sha minti 10. Wanka da bokiti ya fi shawa. Wankin tanki kuwa, kada majinyacin ya kusanci wurin.

Mai haɗa magunguna: Maganin wannan cutar shi ne azithromycin da ethambutol da rifampicin, har wata 12 bayan majina ta tsarkaka. Shan azithromycin kaɗai ke sa ƙwayar ta bijire wa magani. Rifampicin yana rage ƙarfin dolutegravir, maganin ƙanjamau, don haka dole likitan ƙanjamau ya sani.